Tambayar da Maki Ba Ya Amsawa

A Nijeriya, ƙofar karatun likita da lambobi ake buɗe ta. Ɗalibi daga Kazaure, Roni ko Gwiwa zai zauna jarrabawar JAMB, ya bi tantancewar jami'a, idan makinsa ya kai sunansa ya fito a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, galibi ba tare da an tambaye shi abin da ya kawo shi ba. A Amurka kuwa, bayan digirin farko da jarrabawar MCAT, sai an zauna da mutum an ji ta bakinsa.

Ganawar tana da nauyi na musamman a makarantun ostiyofati, masu ba da digirin DO. Likita Andrew Taylor Still ne ya kafa ta farko a Kirksville, jihar Misuri, a 1892, bisa ra'ayin cewa jiki abu guda ne, kuma ƙashi da tsoka suna da hannu a lafiyar sauran gaɓoɓi. A yau masu wannan digiri cikakkun likitoci ne: suna rubuta magani, suna yin tiyata, sai dai an ƙara musu horo kan duba majiyyaci da yi masa magani da hannu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a can suke karatu. Tambayar da mai nema ba ya tsallakewa ita ce: me ya sa wannan fanni?

Wanda ya tashi a ƙasar Kazaure yana da amsa tun daga gida. Ya san mai ɗori. Ya ga yadda wanda ya karye yake fara zuwa wurinsa kafin asibiti, domin yana taɓawa, yana saurare, ya san dangi. Ya kuma ji labarin ɗaurin da aka matse har jini ya daina gudu, aka ƙare da yanke hannu. Wanda ya ga amfanin hannu ya kuma ga iyakarsa idan babu ilimi, ya riƙe abin da masu ganawar suke nema.

Cikas ɗin a tarbiyya yake. An raini ɗan Bahaushe a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne. Baturen da ke kan tebur zai iya ɗaukar wannan a matsayin rashin tabbas. Wasu makarantun ma suna bin tsarin da Jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro a farkon shekarun 2000: gajerun zama a ɗakuna daban-daban, kowanne da matsalarsa, mintoci kaɗan kacal. Babu lokacin doguwar gaisuwa.

Mafita ba ita ce zubar da kunya ba. Abin da ake so labari ne, ba kirari ba: wa ya yi jinya, me ya gani, me ya yi da hannunsa, me ya koya. Faɗin abin da ya faru ba fariya ba ne, shaida ce. Wannan darasi ya shafi har wanda ba zai taɓa zuwa Misuri ba, domin kwamitin ba da tallafin karatu a Dutse ma mutum zai gani a gabansa, ba takarda kaɗai ba.