Fagen Fama a Kan Faifai: Daga Zangon Wagadugu Zuwa Maƙeran Niyogsin

Duk wanda ya bi titin Kwame Nkrumah a birnin Wagadugu, benaye da bankuna da masaukan baƙi zai gani, da wasu filaye da har yanzu ba a gina ba. In ba a gaya masa ba, ba zai san cewa yana taka tsohon Zangon Hausawa ba ne, unguwar da Mosawa ke kira Zangwetin, wato mazaunin Hausawa. A nan fataken goro da kanwa da tufafi suka riƙa sauke kaya a kan hanyarsu tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, har zango ya zama gida. A shekarar 2003 gwamnati ta rushe unguwar tare da maƙwabtanta, irin su Tiyedpalogo da Peulogin da wani sashe na Kuluba, a ƙarƙashin shirin ZACA na faɗaɗa cibiyar kasuwanci. Fiye da mutum 12,000 suka tashi, aka ba su filaye a Niyoko da gefen Waga 2000. Yaron da aka haifa bayan wannan shekara bai san inda zauren kakansa ya fuskanta ba.

Sai dai katafila ba ta share komai ba. Sunayen unguwanni suna nan, kuma mai lura zai ga cewa tsohon Wagadugu jere yake kamar rundunar da ta ja daga kewaye da sarkinta. Fadar Mogo Naba ce cibiya. Unguwar Widi ta Widi Naba ce, shugaban mahaya dawaki. Gunga ta Gunga Naba ce, mai jan dakarun ƙasa. Larle ta Larle Naba ce, mai tsaron al'adu da kaburburan sarakuna. Kowane basarake da gefensa, kowane baƙo da masaukinsa, Hausawa kuma aka ba su nasu wuri. Ashe ba sunan banza ba ne Zangwetin: gurbi ne a cikin wani tsari da ya girmi zuwan Nasara.

Mai son ganin wannan tsari da idonsa, sai ya yi sammako ranar Juma'a zuwa ƙofar fada, wadda ba ta da nisa da tsohon Zango. Wajen ƙarfe 7 na safe hakimai da fadawa kan zauna, kowa daidai matsayinsa. An ɗaura wa doki sirdi, yana tsaye. Mogo Naba ya fito cikin jajayen kaya na yaƙi, kamar zai hau. Manyan fada su matso, su gaishe shi, su roƙe shi ya haƙura. Ya koma ciki, ya sake fitowa cikin fararen kaya, a kwance wa doki sirdi, a buga bindiga. Ba a cika jin magana daga inda 'yan kallo suke ba. Mazaunin kowa, da tazarar da ke tsakaninsa da sarki, da launin riga, su ke ba da labarin duka. An kuma hana ɗaukar hoto a wurin, saboda haka abin da ido ya riƙe shi kaɗai mutum zai kai gida.

A nan ne aikin maƙeran tagulla na unguwar Niyogsin ya shigo. Gidajen da suka gaji wannan sana'a sun daɗe suna yi wa fada aiki, yau kuma kayansu sun cika Ƙauyen Masu Sana'ar Hannu da bajekolin SIAO, wanda aka fara a 1988. Maƙeri kan fara siffanta doki da mahayinsa da kakin zuma, har linzami da likkafa da tsinin mashi. Ya lulluɓe shi da yumɓu da aka cakuɗa da kashin jaki, ya bar 'yar kafa, ya shanya. Idan ya gasa shi, kakin ya narke ya tsiyaye, sai ya zuba narkakkiyar tagulla, wadda galibi daga tsofaffin famfuna da kwaɗuna ake samunta. Bayan ta huce, ya fasa yumɓun. Tun da sai an fasa mazubi kafin a fitar da abin, babu doki biyu da za su fito iri ɗaya.

Amma doki ɗaya a kan kanta kayan ado ne kawai. Sai an jera shi tare da maharba da makaɗa da mai riƙe laima kafin ya zama labari. Wannan jeri a kan faifai ko katako shi ne Turawa ke kira diyorama, kuma sun daɗe da mai da shi ilmi. Tun 1668 sarkin Faransa Luwi na 14 ya sa aka fara ƙera masa ƙananan siffofin garuruwansa masu ganuwa, domin ya nazarci tsaronsu daga fadarsa. Da yawansu suna ajiye a gidan Anbalid a Paris.

Sharaɗi na farko shi ne ma'auni ɗaya. Masu wannan sana'a sun fi amfani da 1:35 ko 1:72. A ma'aunin 1:35, mutum mai tsawon mita 1.75 kan koma santimita 5, motar da ta kai mita 7 kuma ta koma santimita 20. In aka haɗa ma'auni biyu a faifai ɗaya, sai soja ya fi motarsa tsawo, ido kuma ya ƙi yarda. Na biyu, lokaci ɗaya tak ake kamawa: ko kafin a gwabza, ko ana tsaka, ko bayan ƙura ta lafa. Na uku, a sami wuri guda da ido zai fara sauka, sauran duka su karkata gare shi. Kada a jera mutane reras kamar sahun 'yan makaranta, kada kuma hanya ta miƙe daidai da bakin katako. A ɗan karkata ta, domin a ji kamar fagen ya zarce inda katakon ya ƙare. Kowane mutum ya kasance yana duban wani abu, ko yana yi wa wani magana. A bar fili kuma, don cunkoso kan kashe labari.

Abin hawa yana da nasa hukunci. Mota mai nauyi ba ta shawagi a bisa ƙasa: a ɗan nutsa tayoyinta, a bar sawunta a baya domin a san daga ina ta fito. A wannan ƙasa tamu, motar soja da ba ta sha jar ƙura ba ƙarya ce. Yaranmu ma sun san wannan tun kafin a koya musu. Wanda ya ƙera motar kara ko ta gwangwani da waya, ba ya hutawa sai ya share mata hanya a cikin rairayi, ya yi mata gada da tasha.

Sai dai zamani ne ke zaɓar abin hawa. Wanda zai jera shigar Bule, hafsan Faransa, cikin Wagadugu ran 1 ga Satumba 1896, lokacin da Mogo Naba Wobgo ya fice daga birnin, ba shi da mota ko ɗaya da zai saka. Dawaki ne, da jakuna, da dogon layin 'yan dako. Turawan cikin ayarin 'yan ƙalilan ne. Masu riƙe bindigogin da masu ɗaukar kayan duk baƙaƙen fata ne. Wanda ya sa Bature a tsakiya ya manta da 'yan dako, ya faɗi rabin gaskiya. Wannan Bule ɗin ne kuma, shi da abokinsa Shanuwan, suka ratsa ƙasar Hausa a 1899, suka ƙone Birnin Ƙonni, suka fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, kafin sojojinsu su kashe su kusa da Tasawa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan yara ne. A 1838 wani hafsan Ingila mai suna William Siborne ya baje babbar siffar yaƙin Watalu na 1815 a Landan, da dubban ƙananan sojoji, bayan ya zauna wata 8 a filin dagar, ya kuma tattara wasiƙun ɗaruruwan hafsoshi da suka halarci yaƙin. Ya sa sojojin Furushiya, abokan ƙawancen Ingila, a inda bincikensa ya nuna suna tsaye da maraicen ranar. Wellington, jagoran rundunar Ingila, bai gamsu da wannan jeri ba. Bashi ya yi wa Siborne katutu, daga baya ya cire mafi yawan 'yan Furushiyan daga kan faifan. Da yatsu biyu aka ɗauke runduna guda daga tarihi.

Game da siffofin masu rai, malamai sun yi bayani mai faɗi, kuma kowane gida ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. An dai ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, a cikin kayan wasanta. Wanda ya zaɓi ya nisanci siffa ma bai rasa hanya ba: tsakuwa za ta tsaya a madadin mutum, ƙwallon dabino ya zama doki, kwalin ashana ya zama gida.

Saboda haka, ya ku iyaye, tun dattawan Zango suna raye, a shimfiɗa musu yashi a kan faifai, a tara jikoki. A tambaye su ina masallaci yake, ina mahauta, ina rumfar masu goro, ta wace kusurwa manyan motoci ke shigowa, wane ne maƙwabcin wane. In biyu suka saɓa kan wurin wata rijiya, kada a yi gaggawar raba gardama. A kira na uku. Kada kuma a cire Bayarabe ko Bafillace ko Bamoshe da aka zauna da shi don faifan ya yi kyau. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma abin da yaro ya jera da hannunsa, da wuya ya ɓace masa.