Wanda Ba Ya Karɓar Albashi, Wa Zai Ɗauke Shi Ran Da Ya Faɗi?



Shekara shida ke nan littafin gudummawar ƙungiyarmu yana hannuna. Duk wanda aka yi wa rasuwa ko gobara, ko aka kwantar da shi a asibiti, ni nake rubuta sunansa a saman shafi, in bi mutane ina rubuta abin da kowa ya bayar. Shekaranjiya na zauna haɗa rahoton shekara, sai na lura cewa cikin duk waɗanda muka yi wa karo-karon jinya, masu albashi ba su kai biyar ba. Sauran manoma ne da 'yan dako da direbobin Keke Napep da teloli da mata masu ƙuli-ƙuli.

Akwai shafi ɗaya da na daɗe a kansa. Na wani bawan Allah ne ɗan garinmu, ya haura shekara ashirin yana lodin buhuna a kasuwar hatsi ta Potiskum. Bara da kaka katakon hawa tirela ya zame da shi, ya faɗo da buhun wake a ka, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka fara kai shi wajen mai ɗori domin shi ne da sauƙin kuɗi. Ɗorin bai kama ba, sai da ƙafa ta kumbura aka tafi asibiti, aka ce sai an sa ƙarfe. Mun zagaya iya zagayawa, abin da muka tara bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ya sayar da maraƙin da yake kiwo, ya jinginar da gonarsa. Babban ɗansa ya bar makaranta, yanzu baro yake turawa. Mai kayan ya ba da abin da ya sawwaƙa, Allah Ya saka masa. Da na je dubiya sai ya ce mini, "Malam Sakatare, ciwon bai dame ni ba kamar tukunyar gidan nan."

Ni ƙaramin ma'aikaci ne, albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Amma ana cire kuɗin lafiya kafin ya shigo hannuna, don haka in yarona ya kwanta kati nake ɗauka. Wannan mutumin ya fi ni shan wahala nesa ba kusa ba, ba shi da komai sai ƙarfinsa. Kuma irinsa ne suka fi yawa, domin alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis ko na kamfani mai rajista suke yi ba.

Ba wai babu doka ba. Tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, inda mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF. To wane ne ubangidan ɗan dako? Yau kayan wannan Alhaji, gobe na wancan. A watan Maris na 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu a ƙarƙashin hukumar PenCom. A yadda aka tsara shi a lokacin, duk wanda ya kai shekara 18 zai iya zuba abin da ya samu, kullum ko mako-mako ko wata-wata, ya iya cirar kashi 40 in buƙata ta taso, kashi 60 kuma ya jira tsufa. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, har da asusu na musamman don marasa galihu. Nan gida Yobe muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, YSCHMA, kuma tana da tsarin waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba.

Na tambayi mutanenmu a taron da ya wuce, wa ya san da waɗannan? Hannu uku aka ɗaga, biyu malaman makaranta ne.

A ganina matsalar ita ce an yanka rigar ne da awon mai albashi. Manomin Nangere ba ya ganin kuɗi duk wata. Kuɗinsa na zuwa ne da kaka, in ya sayar da wake da riɗi da gyaɗa, daga nan sai lallaɓawa har wata damina. In ka zo masa da maganar biya a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ko sauraronka ba zai yi ba. Ga cike takardu, ga neman lambar NIN, ga kuɗin mota zuwa ofis. Ga kuma rashin yarda, wanda ban ga laifin kowa a kai ba: mutum ya ga tsohon ma'aikaci yana jelar neman haƙƙinsa shekara da shekaru, sannan ka ce shi ma ya kawo nasa a ajiye? Wasu kuma da sun ji kalmar inshora sai su ce caca ce ko riba. Wannan tambaya ce ta malamai, kuma ya kamata mu zauna da su, sai dai mu lura cewa kowa ya zuba kaɗan a yi wa wanda ya kwanta magani shi ne abin da muke yi da littafin nan tun tuni. Bambancin kawai mu sai bayan an faɗi muke fara tarawa.

Maganar fansho kam, ni kaina ina da shakka. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, wanda ya sayi tunkiya ya fi wanda ya ajiye naira dariya. Ba zan matsa wa kowa a kan wannan ba. Amma tunkiyar nan ita ake fara kaiwa kasuwa ran da ciwo ya shigo gida, shi ya sa nake ganin mu fara da lafiya.

Shawarar da zan kai gaban shugabanni ita ce ƙungiya ta yi wa 'ya'yanta rajista a dunƙule, sau ɗaya a shekara, bayan girbi. Wanda ba shi da kuɗi a hannu ya auno wake ko gero, ma'aji ya sayar a gaban shaidu. Masu samu kullum, irin 'yan Keke da mata masu sana'a, su riƙa zubi kamar adashi har ya cika. Mu rubuta wa hukumar a Damaturu ta turo jami'anta su zo da kansu, su faɗa mana nawa ake biya, wace jinya katin ya ɗauka da wadda bai ɗauka ba, da asibitin da za a haɗa mu da shi, kada mutum ya biya ya je a ce babu magani. Kuma ina roƙo kada a bar kuɗin a hannun mutum ɗaya, ko da ni ne. A buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi a kowane taro.

Ɗan uwanmu ya fara takawa da sanda. Ya koma kasuwa, yana zaune yana ɗinke bakin buhu da basilla, gonar kuma har yanzu tana hannun wanda ya karɓi jingina. Na buɗe sabon shafi a bayan littafin don masu son shiga, ya ce in fara da sunansa da na matarsa. Mai so ya same ni ranar Juma'a bayan sallar La'asar a inda muka saba zama, ya taho da takardar NIN ɗinsa.