Matacin Haske: Amfaninsa da Iyakarsa Wajen Ɗaukar Bidiyo a Fili

Mai ɗaukar bidiyo a fili ba shi da babban abokin gaba kamar ranar tsaka. Takan mayar da sama fari fat, ta sa ruwa da gilashin mota su riƙa ƙyalli har abin da ke cikinsu ya ɓace. Maganin da masu sana'ar suka sani shi ne wani ɗan faifan gilashi mai duhu-duhu da ake ɗaurawa a bakin idon kyamara, wanda za a iya kiransa matacin haske, ko folaraiza. Wani Ba'amurke, Edwin Land, shi ne ya nemi rajistar irinsa mai araha a 1929, ya kuma kafa kamfanin Polaroid a 1937.

Yadda yake aiki kuwa shi ne: haske yana tafe yana kaɗawa ta kowace fuska, amma idan ya daki ruwa ko ganye ko gilashi ya dawo, galibinsa sai ya koma kaɗawa ta fuska guda. To, wannan hasken ne matacin yake tarewa idan an juya shi daidai. Alal misali, a bakin Dam ɗin Tiga, da an murza shi sai a hango duwatsun da ke ƙarƙashin ruwan gaɓa, shuɗin sama kuma ya ƙara turuwa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Matacin yana cinye fiye da rabin hasken da ke shiga kyamara. Ƙarfinsa a kan sama ya fi yawa ne idan rana tana gefen mai ɗauka, wato kusurwar digiri 90. Idan ya juya kyamara yana bin mahayi, sai sama ta yi duhu a nan, ta washe a can, abin da mai hoto tsayayye bai cika damuwa da shi ba. Ba ya kashe walƙiyar tsurar ƙarfe, kamar ta takubban Hawan Daushe. A lokacin hunturu kuma, ƙurar hazo ba ta jin maganarsa sosai.

Babban abin lura shi ne, ba kowane ƙyalli ne aibi ba. Sheƙin rawani ɗan Kura, wanda masu bugu suka sha wahala kafin su fito da shi, shi ne darajarsa. Haka nan sheƙin goshi da kumatu shi ke fito da siffar fuskar baƙin mutum. Idan aka tace shi duka, sai fuska ta dushe kamar an shafa mata toka. A nan ne garin gyaran gira ake rasa ido.

Saboda haka gwani ba ya murza matacin har ƙarshe don kawai yana da shi. Yakan tsaya ya duba wane ƙyalli ne yake ɓoye abin da ake son gani, wane ne kuma shi kansa abin kallon, sannan ya juya gilashin gwargwadon bukata.