Lameshur: Inda Mata Biyar Suka Yi Mako Biyu A Ƙarƙashin Teku

Duk wanda ya sauka a tsibirin Sant Jon na Amurka, cikin Tekun Karibiyan, ya bi hanyar kudu mai gargada, zai ɓulla wani lungun teku da ake kira Lameshur. Babu kasuwa, babu otal, sai daji da duwatsu da ruwa garai-garai. Baƙo ba zai ce an taɓa yin abin tarihi a wurin ba.

To, a nan ne cikin watan Yuli na 1970 mata biyar suka nutse zurfin ƙafa 50, suka shiga wani ɗakin ƙarfe mai suna Tektite, suka yi mako biyu ba su taka tudu ba. Shugabarsu ita ce Dokta Sylvia Earle, masaniyar tsire-tsiren teku. Kullum sai su goya tukwanen iska su fita, su yi sa'o'i suna duba yadda kifaye ke kiwo a duwatsun murjani, watau gidajen da waɗansu ƙananan halittu ke ginawa, sa'an nan su komo su rubuta.

An ɗauke ɗakin tuntuni. Murjanin kuwa ya sha wuya: ɗumamar ruwa ta 2005 ta kashe da yawa, guguwar 2017 ta kakkarya waɗansu. Ga shi kuwa nan ne mafakar kifi. In murjani ya mutu, masunci ne zai fara ji a jikinsa.

Ganin irin wannan asara a tekunan duniya, Earle ta kafa ƙungiyar Mission Blue a 2009, tana neman gwamnatoci su keɓe yankunan teku kamar yadda ake keɓe gandun daji.