Oba-oba a Dajin Zugurma

Tun can asali Bahaushe ya san darajar saƙo. Sarakuna sun ajiye manzanni da dawakan zaɓe, fatake kan ba ayarin da suka yi kiciɓis da shi sallahu ya kai gida, mutanen ƙauye kuwa idan gobara ta tashi, ganga da kururuwa su ne wayarsu. Sai dai duk waɗannan hanyoyi iyakarsu inda ƙafa ko murya ta tsaya. Mu da aikin gyaran famfunan tuƙa-tuƙa ya kai mu ƙauyukan da ke kewaye da dajin Zugurma a ƙarshen shekarun 1990, mun tarar da wannan iyaka tana nan daram. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nausa cikin burtali, to wanda ke cikinta ya rabu da duniya ke nan, alherinsa da sharrinsa ba mai ji sai ranar da ya fito.

Ga mai karatun da bai san wurin ba, Zugurma tsohon gari ne a ƙasar Kontagora, masarautar da Umaru Nagwamatse ya kafa wajejen 1864, a yau kuma yana cikin ƙaramar hukumar Mashegu ta Jihar Neja. A 1979 aka haɗe gandun dajinsa da na Borgu suka zama Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. Ɓangaren Borgu, wanda ke yamma da Kogin Kwara, ya kai murabba'in kilomita 3,970, na Zugurma da ke gabas kuwa kimanin 1,370 ne, tsakaninsu ga tafkin da ya taru bayan kammala madatsar Kainji a 1968. Daji ne na doka da maje da kawo da kaɗanya, mazaunin gwanki da gada da gwaggon biri. Da rani ruwa yakan yi masa wuya ƙwarai, har rafuka irin su Manyara su koma yashi. Da damina kuwa rafin da muka tsallake da safe ba tare da taya ta jiƙa ba, shi zai tare mu da la'asar yana kumfa yana jan itatuwa.

Mu huɗu ne a tafiyar. Akwai Baba Direba, dattijo mai tsohuwar Land Rover, wadda kowa ke kira Landiroba, akwai Malam, wanda ya yi ritaya daga aikin wayar tarho, sai mu biyu masu jini a jika, waɗanda ɗaukar sifana da cizge bututu daga rijiya ke wuyansu. Malam na cikin mutanen nan ƙalilan masu sha'awar rediyo don kansa, waɗanda kan zauna jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, su riƙa magana da 'yan'uwansu na nesa ta iska. Ƙungiyarsu ta duniya tun 1925 aka kafa ta a birnin Faris, kuma kowace ƙasa da harafinta: lambar ɗan Nijeriya da 5N take farawa, ta ɗan Nijar da 5U. Dokarsu ta hana ciniki da kiɗa da zaurance a kan zangonsu, amma ta yarda da gaisuwa da gwaji da neman agaji. Mutanen gari ba ruwansu da wannan bambanci, duk na'urar da ake magana a ciki oba-oba ce, saboda kalmar nan ta Turanci da mai magana kan dire zancensa da ita, wato na gama, saura kai.

Ranar da Malam ya zo da na'urar cikin kwali, sai da aka kai ruwa rana. Baba ya zagaya motarsa, ya dafa bonet, ya ce, "Malam, wannan mota ta girmi yaran nan biyu, kuma ba wanda ya taɓa huda ta. Yau da girmana za a fara?" Malam ya yi murmushi ya ce, "Haba Baba, ai ko amarya sai an huda mata kunne take sa 'yan kunne. Huji biyu kawai nake roƙo." Da wannan aka sasanta, aka kuma yi alkawarin Baba ne da kansa zai nuna inda za a huda.

Matsala ta farko ita ce mazaunin eriya. Yawancin eriyoyin mota da maganaɗisu suke manne wa rufi, to ita Landiroba, tun da aka fara ƙera ta a Ingila a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gangar jikinta ta alminiyon ce, maganaɗisu kuwa ba ya kama alminiyon. Saboda haka sai muka je wurin mai walda ya yi mana kafa ta baƙin ƙarfe, aka ɗaure ta da noti a bamba ta gaba. Malam ya sa mu kankare fenti a wurin har ƙarfe ya yi fari tas, sannan ya ɗinke bamba da bonet da gangar jiki da faffaɗar wayar tagulla. Ya fahimtar da mu cewa sandar da ido ke gani rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin ita ce motar kanta, don haka duk inda tsatsa ko fenti ya raba ƙarfe da ƙarfe, to an datse wa murya hanya.

Sai zancen wuta. Na'ura mai ƙarfin wat 100, idan ana magana, takan zuƙi wajen amfiya 20 daga batir mai bolt 12, abin da siraran wayoyin dashbod ba za su iya ɗauka ba sai sun yi zafi sun narke. Muka jawo waya biyu masu kauri kai tsaye daga kan batir, kowace da fis ɗinta, an dasa shi bai fi taki ɗaya daga batirin ba, domin ko waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ya ƙone kafin mota ta kama. Inda wayar ta ratsa huji kuwa, sai muka sa mata rigar roba daga tsohon tiyo. Ita na'urar ba mu ɗora ta a dashbod ba, don rana, ba mu kuma ajiye ta a ƙasa ba, don ruwan da kan shigo in ana tsallake rafi. Kanta muka yi mata a bayan kujera, muka shimfiɗa tsohon tub don rage girgiza, muka bar mata sarari ta baya ta sha iska. Da aka tashi injin sai muka ji wani siririn kuka a lasifika, wanda ke ƙaruwa duk sa'ad da Baba ya taka totur. Malam ya ce aikin altanato ne, ya sa masa matacin hayaniya, ya kuma nesanta wayar eriya da wayoyin injin, kukan ya ɗauke. Daga ƙarshe ya jona wani ɗan ma'auni mai allura wanda ke nuna yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta maido wa na'ura, ya yi ta ƙara tsawon sandar yana ragewa har allurar ta kwanta.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda muryar ke tafiya. Abokin Malam, wanda shi ma mai lasisi ne, yana zaune a Kontagora, tazarar da ta haura kilomita 100. Ƙananan oba-oba na hannu ba sa kai nan, domin zangonsu miƙe yake tafiya kamar gani, tudu ɗaya ya isa ya tare shi. Gajeren zango kuwa sama yake hawa, ya bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki can ƙololuwa, ya dawo ƙasa. Idan eriya na tsaye ƙyam, muryar kan tsallake na kusa ta faɗa wata ƙasa, har wata rana wani Bature ya amsa mana daga Turai alhali Kontagora ba ta ji mu ba. Maganin abin shi ne a lanƙwaso sandar a ɗaure kanta da igiya a bayan rufi, ta kwanta kamar baka, sai muryar ta tashi sama sak, ta zubo a kewaye kamar ruwan sama. Da rana zangon mita 40 muke hawa, da dare mu sauka mita 80, saboda rufin nan yana sauya hali da fitowar rana da faɗuwarta. In kuma mun yada zango, mukan ɗaura waya mai tsawon mita 20 tsakanin itatuwa biyu, wadda ta fi sandar mota ji nesa ba kusa ba.

To, dasa na'ura aikin kwana biyu ne, riƙonta shi ne aikin shekaru. Baba da Malam, duk da saɓaninsu, sun haɗu a kan magana ɗaya, cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace safiya kafin a murza makulli, Baba zai duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki da iskar taya har da safaya, Malam kuma ya girgiza eriya ya ji ko noti ya saki, domin gargadar hanya ba abin da ba ta kwancewa. Kowace Alhamis da yamma aikinmu ne mu cire kan batir, mu wanke farin garin da ke taruwa a kai da ruwan kanwa, mu goge, mu ɗaure, mu shafe da giris, sannan mu cika ruwan batir inda ya ja baya. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a kakkaɓe matatar iskar injin, a bi hujojin na'ura da burushi mai laushi. Da damina kuwa ruwa ne, wanda kan sulale ta mahaɗar waya ya shiga ciki ya mai da tagulla kore, don haka kowace mahaɗa sai an naɗe ta da tef, an kuma kwance an duba bayan kowane babban ruwa. A kan wannan duka akwai alkawarin lokaci: ƙarfe bakwai na safe da bayan magariba sai mun kira Kontagora mun faɗi inda muke da inda muka nufa. In aka rasa mu sau biyu a jere, to a biyo sawu.

Ba za mu ɓoye ba, a idon matashi wannan hidima tana da gundura. Wata da watanni abin da ke wucewa ta na'urar bai fi "lafiya lau, oba" ba. Amfaninta ya bayyana ne a wani dare na watan Agusta, lokacin da rafi ya cika ya tsare mu kusa da wata ruga. Bayan isha'i sai ga Arɗo da fitila, ya ce kububuwa ta sari jikansa, ɗan shekara goma, yana koro maruƙa. Muka tarar ƙafar ta kumbura, jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa, wani kuma har ya wasa aska zai tsaga wurin. Mota ba ta da hanyar fita, lokacin kiranmu kuma ya wuce. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da askar nan, a ba ni ɗan lokaci." Ya hau zangon dare ya yi ta kira, a karo na huɗu abokinsa ya amsa, ashe bai kashe tasa ba don ya ji an ce hadari ya yi wajenmu. Cikin rabin sa'a ya ɗauko wani ma'aikacin lafiya ya zaunar da shi gaban na'ura. Muryarsa ta fito tar: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a ɗora ƙafar a kan kara a hana ta motsi, a kwantar da yaron. Ya ce ga su nan tafe da allurar dafin maciji.

Daren nan na'urar ta kwana a kunne, Baba na tashin injin lokaci-lokaci don batir ya samu, ba sau ɗaya da ya yi gardama. Da asuba muka hango fitilar mota a ƙetare, ruwa kuma ya ja baya zuwa ƙugu. Samarin ruga huɗu suka ɗauki yaron a kan gadon kara suka haye da shi, aka yi masa allura nan bakin rafi kafin a wuce da shi asibiti. Bayan mako uku muka gan shi yana ɗingishi a bayan shanu. Arɗo ya kawo wa Malam ƙwaryar nono da man shanu, Malam ya tura wa Baba, ya ce rabon mai batir ne. Tun daga ranar Baba da kansa yake goge eriya in yana wanke mota.

Zamani ya juya. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, yau kuma da wuya ka ga makiyayin da ba ta cikin aljihunsa. Sai dai ita salula baiwar hasumiya ce, hasumiya kuma baiwar janareta da mai da mai gadi. A watan Satumba na 2021, da hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka biyo, jama'a sun ga yadda gari guda kan kurumce dare ɗaya. Rashin tsaron nan ya taɓa dazuzzukan Kainji da ƙauyukan Mashegu, ya kuma sa duk wanda aka gani da oba-oba ba takarda ya zama abin tuhuma, don haka lasisi ya ƙara zama wajibi fiye da da. Amma hikimar na nan yadda take: batir, waya da sararin sama sun isa mutum biyu su ji juna, ba tare da kowa a tsakani ba.

Kiranmu ga ɗalibai, musamman na kimiyya da fasaha, shi ne su nemi wannan ilimi ta hanyar da doka ta shimfiɗa, su kuma samar masa da kalmomi a harshenmu, domin makanikin Kontagora da ma'aikacin asibitin ƙauye su same shi cikin sauƙi. Su kuma riƙe abin da ya fi na'urar tsada, wato halin duba abu tun yana lafiya. Famfunan da muka yi ta gyarawa a ƙauyukan nan, akasarinsu ba tsufa ya kashe su ba, noti ɗaya ne ya saki aka rasa mai ɗaure shi. Haka injin asibiti, haka motar makaranta, haka rufin aji. Allah ya ba mu ikon riƙon abin da ke hannunmu.