Gwanjon Kifi Da Asuba A Birnin Tokyo

Baƙon da ya sauka birnin Tokyo na ƙasar Japan, in yana son ganin gwanjon kifin tuna, tilas ya haƙura da barcin asuba. Wajen ƙarfe biyar da rabi ake kaɗa ƙararrawa a kasuwar Toyosu, kafin hantsi kuwa an daɗe da watsewa. Ba kowa ake bari ya matso kusa ba, sai wanda ya ba da sunansa tun da wuri, ƙuri'a kuma ta faɗa kansa. Saura sai leƙe daga bene ta bayan gilashi.

Da can a kasuwar Tsukiji ake wannan harka, tun shekarar 1935, har zuwa watan Oktoba na 2018 da aka ƙaura da manyan dillalai zuwa Toyosu. Sabon wurin ya fi tsabta da sarari, amma cinikin yana nan yadda aka gada.

Abin da baƙo zai fara gani shi ne kifaye jere sahu-sahu a ƙasa, waɗansu sun fi ɗan maraƙi nauyi. Waɗanda aka kamo daga tekuna masu nisa a daskare suke, sun yi fari fat da ƙanƙara, tururin sanyi yana tashi daga jikinsu. Kowanne da lambarsa, kowanne kuma an datse masa wutsiya.

To, a wannan datsin ne dukiyar mutum take. Ba a tsaga kifi kafin a saya. Dillali zai zo da takalmin roba, da tocila, da ƙugiya a hannu, ya durƙusa wajen wutsiyar, ya haska, ya tsakuro ɗan nama ya murza a tsakanin yatsunsa, yana duban launi da yawan kitse. Da wannan ɗan abin da bai kai loma ba zai yanke hukunci a kan kifi mai kilo 200. Ba ya shawara da kowa, ba ya kuma bari na kusa da shi ya karanta fuskarsa.

Da an kaɗa ƙararrawa sai mai gwanjo ya hau ɗan benci, ya dinga kiran lamba da wata irin murya kamar mai rera waƙa. Masu saye ba su cewa uffan, da yatsu suke tayawa, a kan kowane kilo. Kafin baƙo ya gane wanda ya ɗaga hannu, an sallama, an wuce na gaba.

Gwanjon farkon shekara shi ne wanda jaridu ke so. A watan Janairu na 2019, Kiyoshi Kimura, mai gidajen sayar da abinci, ya biya yen miliyan 333.6 a kan kifi guda mai kilo 278. Wannan kam kuɗin talla ne, neman suna ya fi kifin tsada. Cinikin gaskiya shi ne na sauran ranaku, inda ba mai ɗaukar hoto.

Bayan an tashi, sai a ja kifin zuwa rumfar wanda ya saya. Daskararre da zarton inji ake yanka shi, ɗanye kuwa da wuƙa mai tsawon takobi, wani lokaci sai mutum biyu sun kama. Sai a sannan dillali zai ga cikin abin da ya zuba wa kuɗinsa tun da duhu.