Tsuntsu Ma Yana Ɓatan Kai

Jama'a, duk wanda ya zo wannan kwaleji daga Arewa ya san shamuwa. In ta sauka bisa tsamiya, manomi ya kama sharar gona, don ruwa ya kusa. In damina ta ƙare sai ta tashi, ta nufi kudancin Afirka. Haka kuma tsattsewar Turai: da sanyin can ya matso sai ta taho, har takan kwana dubbai bisa dubbai a ciyayin Boje ta Jihar Kuros Riba. Waɗannan baƙi ne masu cika alkawari. Wani malamin makaranta kamarmu, Mortensen na ƙasar Denmak, shi ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa cikin 1899, ta haka aka gane hanyoyinsu.

To, akwai wani baƙo dabam, wanda ba a sa masa rana ba, watau tsuntsun da ya yi ɓatan kai. Galibi ƙarami ne, tafiyarsa ta fari ke nan. Wani guguwa ke kwasarsa, shi ya sa cikin Satumba da Oktoba akan tsinci tsuntsayen Amurka a Ingila, iska ta ƙetarar da su teku. Wani kuwa shi da kansa ke saɓa kusurwa, 'yan'uwansa su yi kudu, shi ya miƙe yamma. Yawancinsu ba su komawa gida. Amma kada a raina su. Belbelar nan da ke bin shanunmu, a da babu ita a Amurka. An gan ta a Surinam a 1877, ga shi yau ta bazu har Kanada.

Ni dai a ganina ba mai gane ɓatacce sai wanda ya san 'yan gari da baƙin kullum, da watan zuwan kowa. Don haka nake yawo da ɗan littafi a aljihu, har abokaina na ce mini Sarkin Tsuntsaye. Ba komi!

Wata safiya cikin Nuwamba na tarad da wani mai dogayen ƙafafu a bakin tafkin bayan kwaleji, yana kiwo cikin waɗanda na saba gani, amma tafiyarsa ba irin tasu ba ce. Na zauna na rubuta girmansa in an gwada da kurciya, da tsawon baki, da launin ƙafa, da abin da ya bayyana a fiffike sa'ad da ya tashi, da kwanan wata. Sa'an nan na zana shi, ko da yake zanen nawa sai haƙuri. Masana ba su karɓar "na ga wani irin tsuntsu", sai da irin wannan shaida, ko hoto.

Ina cikin haka sai ga yaran firamare uku da danƙo. Kai, na sha roƙo! Daga bisani na ce kowa ya ƙirga mini tsuntsayen tafkin, wanda ya dace da lissafina yana da fensir. Suka ajiye danƙo suka shiga ƙirga, suna gardama.

Baƙon ya yi kwana huɗu a tafkin, ran na biyar muka zo ba mu same shi ba. Takardar tana wurina, wanda ke son gani ya same ni bayan la'asar.